Angon Ƙofar Hagu

Ban taɓa mantawa da Lahadin da aka yi mini rakiyar ango a Taman Melati ba, da kiɗa da laima da watsin furanni, alhali a lokacin ko budurwa ba ni da ita. Ku da kuka zo koyon aiki bana, gara ku ji labarin daga bakina kafin Ravi ya ba ku nasa, don shi kullum sai ya ƙara gishiri.

Ga wanda bai san wurin ba, garejinmu yana Sri Petaling a nan ƙasar Malayawa, bayan layin shagunan abinci. Aikinmu gyaran tsofaffin motoci, da bayar da hayarsu ga masu biki da masu ɗaukar hoto. Ankul Lim ne mai gida. Ƙarƙashinsa sai Ravi, babban makanike, sai makanikai biyu, sai a can ƙasa 'yan firaktikal, wato ɗaliban da kwaleji ke turowa koyon aiki. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo, kafin daga baya a riƙe ni.

Dokar Ankul Lim ita ce, ɗan koyo ba ya taɓa sifana sai ya iya tarihin motoci ukun da ke jere a gaban gilashi. Duk 'yan gida ɗaya ne, kamfani ɗaya ya ƙera su a Amurka, suna ɗaya suke amsawa. Amma mu a gareji ba ma kiransu da sunan kamfani. Kaka muke cewa, da Uwa, da Jika.

Kaka 'yar shekarun sittin ce. A zamaninta mai ya yi arha a Amurka, samari kuma sun sami kuɗi a hannu, sai masu ƙera motoci suka ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas suka cusa shi a jikin mota matsakaiciya mai ƙofa biyu. Gabanta dogo, bayanta gajere, muryarta kamar hadarin gabas. Kowace shekara ana ƙara wa injin girma, har aka shiga shekarun saba'in mai ya yi tsada, aka kafa dokokin hana hayaƙi, kuɗin inshora ya hau. A wannan ƙuncin aka haifi Uwa: ta rame, an rage mata inji, ta zama mai haƙuri da tattalin mai, masoyan gidan suka riƙa kawar da kai idan ta wuce. Sai da aka daɗe ana ta canje-canje kafin a haifi Jika, wadda aka mayar wa fuskar kakarta, amma aka cika mata ciki da kwamfuta da na'urar sanyi, har ana ƙera ta da sitiyari a dama saboda ƙasashe irin wannan.

Haka Ankul Lim yake bayar da tarihin, a bushe, yana goge tabarau. Ni kuwa da buhun littattafan soyayya na sauka a ƙasar nan, waɗanda na tara tun ina sakandare a Kano. Don haka da aka ɗora mini aikin yi wa baƙi bayani, sai tarihin ya canza kama a bakina. Kaka ta zama kyakkyawar da gari ya kasa shawo kanta. Uwa ta zama baiwar Allah da ta yi aure a shekarar yunwa, ta rufa wa gida asiri ba wanda ya gode mata. Jika kuwa 'yar boko ce mai kama da kakarta, sai dai ba ta taɓa yin kuka saboda kowa ba. Baƙi suna son wannan bayanin. Ravi kuwa duk lokacin da na fara sai ya kunna injin hura iska.

Ana cikin hutun makarantu, lokacin da bukukuwan Malayawa suke yawa, sai ga Malam Auwalu ya shigo. Ɗan Gusau ne, yana digiri na uku a fannin sinadarai, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Mun saba haɗuwa a masallacin Juma'a. Ya ja ni gefe ya gaya mini damuwarsa. Zai auri Aida, 'yar Malayawa da suke ɗakin bincike ɗaya. Mahaifinta, Haji Ramli, tsohon hedimasta ne, kuma bakinsa ne kawai ya amince da auren, fuskarsa ba ta amince ba. Ya faɗa a gaban 'yarsa cewa baƙo bai san al'ada ba, ranar biki zai ba su kunya a gaban dangi.

"Habibu, ni ba burga nake nema ba," in ji Malam Auwalu. "So nake ranar nan ta zo ta wuce ba tare da mutumin nan ya sunkuyar da kai saboda ni ba. In na faɗi wannan exam ɗin, babu resit. Waccan sabuwar za ka ba ni, mai sanyi."

Ya nuna Jika. Na dafa ƙirji.

"Haba Malam! Ranar aurenka guda, ka shiga motar da ba ta san wahala ba? Wannan ko gaisuwa ba ta iya ba, sai ƙyaf-ƙyaf da fitila."

"Ai ni abin da nake so ke nan. Shiru."

"To tsaya ka ji."

Na kai shi gaban Kaka. Ja ce wur kamar nunannen barkono, fitilunta dara-dara. Na ba shi tarihin tun daga farko, na kai shi Amurkar da ni kaina ban taɓa zuwa ba, na nuna masa samari suna tsere a doguwar hanya da yamma. Na ce dattijo irin Haji Ramli ba ya ganin girman sabon abu, asali yake dubawa, kuma duk garin nan babu mota mai asalin wannan. Na murza mukulli ta yi gyaran murya sau ɗaya. Na ga gashin hannunsa ya tashi.

"Kana ganin zai ji daɗi?"

"Malam, in bai yi murmushi ba ka canza mini suna."

Da aka je wurin Ankul Lim, bai ɓata lokaci ba. Ya ce, "Kai za ka tuƙa. Ku 'yan Najeriya da sitiyarin hagu aka haife ku." Gaskiya ya faɗa. A nan ƙasar hannun hagu ake bi a titi, sitiyari yana dama. Kaka kuwa nata yana hagu kamar motocin gida, shi ya sa direbobinmu suke gudunta, ni kuwa in na zauna a cikinta sai in ji kamar ina kan titin Zariya. Ya ƙara mini da gargaɗi biyu. Na farko, kada in kashe ta in ta yi zafi, don kafiretarta takan cika da mai ta ƙi tashi sai ta huce. Na biyu, ƙofar dama ba ta buɗuwa ta ciki, ƙarfen da aka yi oda daga Amurka bai iso ba. Saboda haka in mun isa, ni zan fita in zagaya in buɗe wa ango, wanda ma ya fi tsari.

A ƙa'idar aikinmu, ana gobe biki direba yakan je ya duba hanya. Na je a kan babur ɗin Ravi. Na lura da kowane tudun rage gudu, saboda cikin Kaka yana kusa da ƙasa. Na ga rumfunan da aka kakkafa a kan titi gaban gidan, na ga inda zan tsaya. Komai na duba, na koma na ce wa Ankul Lim, "Boleh," wato zai yiwu.

Ranar Lahadi da hantsi na ɗauki mota. Direbobinmu baƙar riga suke sawa, amma na roƙi alfarma, na ce bikin ɗan'uwana ne Bahaushe, bai kamata in je kamar mai zaman makoki ba. Ankul Lim ya ɗaga kafaɗa. Na fito da farar shaddata ta Sallah mai aikin zare ruwan zinare, na kafa hula, na yi wanka da turare. Na sami Malam Auwalu a ƙasan benensu a Wangsa Maju cikin babbar riga shuɗiya mai ɗan ƙaramin aiki, abokansa sun cika motar haya za su biyo mu.

Kaka ba ta da na'urar sanyi, ga rana ta take. Kafin mu fita unguwar rigar ango ta jiƙe ta manne masa. Yana ta maimaita gaisuwar Malayanci da Aida ta koya masa, yana haɗawa da hasbunallahu. A wata danja wasu samari a kan babura suka kewaye mu suna ɗaga yatsa, suna roƙon in jiyar da su muryarta. Na ɗan taɓa totur, ɗan kaɗan wallahi. Da na duba madubi, babu motar abokan ango babu alamarta.

"Habibu, ina mutanena?"

"Suna tafe, Malam. Ango ai shi ake jira, ba ya jira."

A nan sai in yi muku bayanin al'adar. An riga an ɗaura aure tun ranar Juma'a a masallaci, da mutane kaɗan. Lahadi ita ce ranar taro. In ango ya iso, masu kompang, wato 'yan ƙananan ganguna irin mandiri, sukan tarye shi da kiɗa da salati. A riƙa masa laima, a ɗaga sanduna biyu masu ƙyalƙyali dama da hagu, a watsa masa furanni da shinkafar da aka rina da kurkur, a raka shi har wurin amarya, su hau kujerar da aka ƙawata su zauna kamar sarki da sarauniya. Mai jagorantar taryar a wannan gida ita ce Mak Long, yayar Haji Ramli, tsohuwar da ko shi ba ya musa mata. Da safiyar nan ta sauka daga ƙauyensu na arewa, ba ta halarci ɗaurin aure ba. Abin da aka gaya mata kawai: ango dogo ne, baƙi, zai zo a jar mota.

Muka shigo layin a hankali, gidan yana hannun hagu. Na tsaya daidai bakin rumfa, na sa giya a firi, na ja birkin hannu, na bar inji yana aiki kamar yadda aka umarce ni. Na kai hannu zan buɗe ƙofa, sai na ji an riga ni daga waje.

Duk motar da Mak Long ta taɓa gani a duniya, ƙofar hagu ta fasinja ce. Ta buɗe ta ga dogo, baƙi, cikin farar shadda mai zinare, yana ƙamshi. Ko kallon sitiyarin da ke gabana ba ta yi ba. Ta damƙi hannun rigata ta ce, "Masha Allah, kyakkyawa ne ashe!" Ta fizgo ni waje.

Na buɗe baki na ce, "Mak Long, ni direba ne," sai ganguna suka fashe gaba ɗaya. Ga rurin Kaka a bayana, ga salati a gabana, ni kaina ban ji abin da na faɗa ba. Na sake buɗe baki, aka cika mini shi da shinkafa. Laima ta rufe ni, sanduna suka tashi, wani mai ladabi ya mayar da ƙofar mota ya rufe. Jama'a suka dunƙule a bayana suka fara turawa. Na juya zan koma, Mak Long ta ɗauka kunya ce, ta ƙara riƙe ni tana cewa, "Kada ka ji kunya, ɗana, nan gidanku ne."

To, ni mutum ne. Duk shafin ƙarshe na duk littafin da na taɓa karantawa, ga shi ya sauko ƙasa ya kewaye ni. Furanni suna sauka a kafaɗata, 'yan mata sun ɗaga wayoyi, iska tana kaɗa labulen rumfa. Na ji ƙafafuna sun daina gardama. Na hango wasu 'yan uwan amarya da suka san ango suna ɗaga hannuwa suna ihu, Mak Long ta ɗaga musu nata hannun tana murmushi. Har na fara tunanin sunan da za mu sa wa 'yarmu ta fari.

Sai na hango Haji Ramli a ƙarshen rumfa, Aida tana gefensa cikin kaya ruwan zinare. Ita ta rufe baki da hannu biyu. Shi kuwa fuskarsa ta yi irin ta hedimastan da ya shigo aji ya tarar da akuya a kan teburinsa. Nan take mafarkina ya watse. Na tuna abin da Malam Auwalu ya roƙe ni.

Abin da ke faruwa a mota kuwa daga baya na ji. Malam Auwalu ya ja hannun ƙofa har ya kusa ɓalle shi. Ya bubbuga gilashi, ba mai kallon ɓangarensa, don a ganinsu direba ne ke zaune a can. Da ya ga ana tafiya da wani wurin matarsa, sai ya yanke shawarar tsallakowa ta kujerata. Babbar riga ta sarƙe a sandar giya. Ya ja, ta ja. Ya nemi wurin da zai dogara da ƙafa, ya taka totur har ƙasa.

Ku da ba ku taɓa jin silinda takwas sun buɗe maƙogwaro a tsakanin gidaje ba, ba zan iya kwatanta muku ba. Allah ya taimaka giya tana firi. Kofuna suka yi rawa a kan tebura, motocin da ke ajiye a layin suka ɗauki kuka, jarirai suka amsa musu. Wani makaɗi ya saki gangarsa ta gangara ƙarƙashin kujeru. Kaka ta yi tari sau biyu ta mutu. Wuri ya yi tsit.

Ƙofar hagu ta buɗe. Malam Auwalu ya fito da rarrafe, hula a karkace, riga ta yage tun daga aljihu har gwiwa.

Mak Long ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. Farantin furanni yana nan a hannunta. Tsohuwar da duk dangi ke tsoro, ga ta a tsakiyar taro ta jawo wa 'yar ƙaninta direba. Wani yaro ya yi dariya aka make shi. Haji Ramli ya fara takowa a hankali, kuma kowa ya san dole kunyar nan ta sauka a kan wani: ko yayarsa, ko baƙon da ya ce tun farko zai ba su kunya.

Malam Auwalu ya riga shi isowa. Bai dube ni ba, bai dubi rigarsa ba. Ya zo gaban Mak Long ya durƙusa har ƙasa, irin durƙuson da muke yi wa iyaye a gida, wanda su a nan ba su saba gani ba. Duk gaisuwar da ya haddace ta gudu, sai ya haɗa da guntun Malayancinsa na kasuwa.

"Mak Long, ki yafe mini. Laifina ne, na zauna a inda ango ba ya zama. Kuma ko ni aka ba zaɓi, shi zan ɗauka. Dubi rigarsa, dubi tawa."

Sai kafaɗun Mak Long suka fara girgiza. Ta fashe da dariya har da hawaye, ta buga masa mafici a kafaɗa, ta juye masa duk abin da ya rage a farantin a ka. Rumfa gaba ɗaya ta ɗauka, amma yanzu tare da ita ake dariyar.

Haji Ramli bai yi dariya ba. Ya tsaya a gabana ya nuna mota da haɓa.

"Me ya kai sitiyari can?"

Na gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, a shekarun sittin, a ƙasar Amurka, lokacin da mai yake da arha..."

Ya ɗaga hannu. "Ya isa."

Ya juya ya kama Malam Auwalu ya miƙar da shi. Ya daɗe yana kallon yagewar rigar. Mazan Malayawa in sun yi kwalliya sukan ɗaura wani gajeren zane mai saƙar zinare a ƙugu, a kan riga da wando, sampin suke ce masa. Haji Ramli ya kwance nasa a gaban kowa, ya zagaya da shi ƙugun surukinsa, ya ɗaure da hannunsa, ya daidaita shi har ya rufe yagewar. Ya karkaɗe masa shinkafa daga kafaɗa, ya gyara masa hula.

"Ɗana ba ya shiga gidana da yagaggiyar riga," ya ce. Ya dubi makaɗa. "Me kuke jira? Daga farko."

Aka koma bakin mota aka sake taryar. A daidai lokacin motar abokan ango ta iso, suka sauko suna tambayar ko sun rasa wani abu. Ni kuwa aka karɓe laima daga kaina ba ko sallama. Kaka ta ƙi tashi kamar yadda Ankul Lim ya faɗa, ta tare layi, sai da mutum shida masu kayan biki suka tura ta ƙarƙashin wata bishiya. A can na zauna ina gadinta, ina jiyo kiɗa daga nesa. Mak Long ta aiko mini da abinci faranti biyu, da tambayar ko ina da mata, don tana da jika a ƙauye. Na kwana uku ina tunanin yarinyar, har na ji tana aji biyu na firamare.

Kafin in mayar da mota, hoton bidiyon ya riga ni isa wayar Ankul Lim. Ya kalla, ya sake kalla. Washegari ya tara mu ya kafa dokoki biyu da har yau kuke bi ba ku san asalinsu ba: duk mai duba hanya ya duba ɓangaren da ƙofar ango za ta fuskanta, in ta kama a shigo layi ta ɗaya bakin, kuma direba baƙar riga zai sa, ko bikin ubansa ne.

Abin da na koya a ranar shi ne, tarihin mota ba ya ƙarewa a yawan silinda da shekarar ƙira. Kowace mota tana tafe da titin ƙasar da aka ƙera ta dominsa, mutane kuma suna tafe da nasu, kuma aikinmu shi ne mu hango inda za su yi karo kafin su yi. Na iya labarin Kaka kamar ni na haife ta, amma ban taɓa tambayar kaina yadda tsohuwar da ke tsaye a bakin titi za ta gan ta ba. Sannan na koyi cewa in mai haya ya shigo ya ce shiru yake so, a ba shi shiru. Shi ya san surukinsa, kai injin kawai ka sani. A wannan karon Allah ya rufa asiri saboda angon ya fi direbansa hankali, kuma ba kowane mai haya ne Malam Auwalu ba.